Kundin aikin tayar da ofishin kwana-kwana na garinmu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau na karɓi mukullan ofishin. Daga hedikwata aka turo ni da umarnin in tayar da shi kafin hunturu ya kankama. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a nan, don 'yan kasuwar da za su sa kuɗinsu su san inda kowace naira ta shiga.

Ga abin da na tarar. Ɗaki uku da rumfar mota, iska ta yaye kwanon ɗakin jiran kira ta gabas. Mota ɗaya mai tankin lita 5,000, an ɗora bayanta a kan duwatsu, babu taya biyu, babu batir. Tiyo tara, huɗu daga ciki ɓera ya gama da su. Tsani mai zarewa guda ɗaya, lafiyarsa ƙalau. Hular kwano bakwai, rigar shiga wuta huɗu. Tukunyar shaƙar iska biyu, duka wayam. Ma'aikata 14 a takarda har da ni, 11 ne muka fito fareti, sauran ukun sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Ruwa kuwa babu ko ɗigo. Famfon da ke bakin ƙofa tun shekarun baya ya daina kawowa.

Mutane da yawa suna zaton ofishin kwana-kwana na ƙaramar hukuma ne, shi ya sa idan gobara ta tashi ciyaman ake zagi. Ba haka tsarin yake ba. Kowace jiha tana da hukumarta ta kashe gobara, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke biyan albashi, ita ke raba motoci ga ofisoshin da ke garuruwa. Akwai kuma ta tarayya, wadda dokar 1963 ta kafa, tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, makarantarta ta horaswa tana Sheda kusa da Abuja. Ƙaramar hukuma taimako take yi da fili ko mai, idan ta ga dama. Shi ya sa ƙaramin ofis irin wannan yake mutuwa shiru, kowa yana zaton wani ne ke kula da shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Zama da kwamitin kasuwa a ofishin Sarkin Kasuwa, daga la'asar har magariba. An yanka wa kowane shago naira 5,000, kowace rumfa 2,000, an tara 5,400,000. Ba a sha wahalar karɓa ba. Kowa a wajen yana da wanda ya sani da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta 2016 ta tsiyata, ko ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, ko Monday Market ta Maiduguri a 2023. Sarkin Kasuwa ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Inda muka saɓa shi ne abin da za a yi da kuɗin. Mafi yawansu so suke a gyara mota, a yi mata sabon fenti, a sa jiniya mai ƙara, ragowar a ajiye a fara tarin ta biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni alli." A jikin ƙofa na yi musu lissafin. Bakin tiyo ɗaya babba yana fitar da lita 400 zuwa 500 a minti. Tankinmu lita 5,000 ne. Wato minti goma zuwa sha biyu, in kuma an buɗe baki biyu, rabin haka. Daga nan sai mota ta juya neman ruwa, wuri mafi kusa da za ta ɗiba shi ne kududdufin bayan makabarta, zuwa da cikawa da dawowa ba su kasa minti 25 ba. A cikin minti 25 wuta a layin 'yan katifa ta gama abin da za ta yi. Abin da ake yawan faɗa, wai 'yan kwana-kwana sun zo ba ruwa, yawanci ba haka ba ne. Sun zo da ruwa, ya ƙare ne, babu inda za su ƙara.

Wani dattijo mai sayar da atamfa ya ce, "To ɗana, me kake so a yi?" Na ce rabin kuɗin a binne shi a ƙasa, a gina matattarar ruwa a tsakiyar kasuwa. An ja, an ja, daga ƙarshe aka amince. Fenti ya jira.

Litinin, 14 ga Oktoba

Taya biyu, 420,000. Batir biyu, 190,000. Juye, filta da gyaran birki, 165,000. Mota ta tashi, Baba direba ya zagaya da ita gari. An auna filin matattara kusa da masallacin kasuwa: tsawo mita 5, faɗi 4, zurfi 2, zai ci lita 40,000, cikin motarmu takwas.

Laraba, 16 ga Oktoba

Da labarin Majiya muka tashi. Tankar mai ta faɗi jiya da daddare can a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, mutane suka taru kwasar fetur, ta kama da wuta. Fiye da mutum 150 ake cewa sun rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba waɗanda suka ƙone lafiya.

Bayan fareti ba wanda ya iya magana. Na tara yaran na tambaye su, in irin wannan ta faru a kan titinmu, da me za mu fita? Tankoki suna ratsa garin nan dare da rana. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, in ka watsa masa ruwa sai ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara, wutar ta ƙara faɗi. Kumfa ake sa masa, tana rufe saman man ta raba shi da iska. Ana cakuɗa sinadarin da ruwa, kashi 3 ko 6 cikin ɗari gwargwadon irinsa. A ma'ajinmu jarka ɗaya na samu, ta daskare ta koma kamar ƙullu. Na rubuta takardar neman sabo yau.

Abin da za mu iya tun yanzu ba ya buƙatar kuɗi: in tanka ta faɗi, aikinmu na farko korar mutane ne da tare hanya, mu da 'yan sanda da 'yan sintiri. Na roƙi liman ya yi maganar a huɗubar Juma'a.

Talata, 22 ga Oktoba

Ranar gwajin famfon mota a kududdufi, kuma ba ta yi kyau ba.

Mun jefa tiyon zuƙo mai matacin ƙarfe a bakinsa, Baba direba ya sa giyar famfo, ya ba ta wuta. Injin yana ta ruri, allurar agogon zuƙo ko motsi. Irin wannan famfon mai juyawa ba ya iya zuƙar iska, sai an fara cire iskar da ke cikin tiyo da ƙaramin famfon share fage, sannan ruwa ya hau. To in akwai ko ƙaramar kafa da iska ke shiga, har gobe ruwa ba zai hau ba. Muka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu. Roba biyu sun bushe sun tsattsage, muka canza. Aka sake, shiru. Sai bakanike ya kwanta a ƙarƙashi ya ga shaƙewar da ke kan sandar famfon ta cinye. An bar motar shekaru da guntun ruwa a ciki, tsatsa ta yi aikinta.

Akwai kuma wani abin da na nuna wa sababbin yara a wajen. Komai ƙarfin famfo, ba ya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, domin nauyin iskar sama ne ke tura ruwan ya hau, ba injin ba. Yanzu kududdufin a cike yake. Zuwa watan Maris ruwan zai ja baya, gaɓar ta yi tsayi, laka ta hana mota matsawa. Wato a daidai lokacin da aka fi gobara, kududdufin nan ba namu ba ne. 'Yan kwamiti biyu suna tsaye, sun ji da kunnensu.

An kwance famfon, gobe za a kai shi birni. An yi ciniki 140,000.

Juma'a, 25 ga Oktoba

An gama haƙa ramin matattara, an zuba dandamali. Kafinta ya rufe ɗakin jiran kira, 180,000.

Talata, 29 ga Oktoba

Famfo ya dawo, ya zuƙi ruwa cikin rabin minti. Alhamdu lillahi.

Yau na zauna kan jadawalin aiki, wanda ya fi gyaran mota ciwon kai. Mota ɗaya in za ta fita yadda ya kamata tana son mutum biyar: shugaban ayari, direba wanda shi ne kuma mai kula da famfo, mutum biyu a bakin tiyo, da ɗaya mai shimfiɗa tiyo da neman ruwa. Na shida yana zaune a ɗakin jiran kira, ba ya fita ko garin ne ke ci, domin shi ke ɗaukar waya, ya rubuta lokacin kira da lokacin fita, ya nemo agaji daga wani ofishin. Ayari uku masu karɓa-karɓa, mutum 18 ke nan, ban da hutu da rashin lafiya. Mu 11 ne, har da ni.

Abin da na yi: ayari biyu na mutum biyar-biyar, kowanne awa 24 a bakin aiki, awa 24 a gida, ni ina cike gurbi. Ban so haka ba, gajiya tana sa kuskure, amma babu wata hanya. Babbar damuwata direba. Guda biyu gare mu da suka iya famfo, ɗaya ya kusa ritaya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗaya, ɗayan zai kwana biyu a ofis. Na zaɓi yara biyu masu lasisi, Baba zai riƙa koya musu famfo kullum bayan fareti. Na kuma rubuta neman ƙarin mutum bakwai.

Talata, 5 ga Nuwamba

Bangon matattara ya kai sama, bulo mai inci tara cike da kankare. Siminti, rodi, yashi, tsakuwa da kuɗin aiki sun kama 2,570,000. Jan bututu daga rijiyar burtsatsen kasuwa mai sola, 85,000.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An aiko mana da sababbin tiyo shida, muka yi murna har yara na tafi. Da aka kwance aka zo haɗawa da mota, sai suka ƙi shiga. Bakin motarmu irin na Ingila ne, mace da namiji, ka tura ya ce ƙyas. Sababbin kuwa irin na Jamus ne da ake kira Storz, duka bakin iri ɗaya, haɗawa ake a murɗa. Wannan matsala ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, saboda motoci da kaya daga ƙasashe daban-daban ake sayo su, wani lokaci kyauta ce, ba a duba ko za su yi aure da na ƙasa. Ranar babbar gobara, in motar wani gari ta zo agaji, sai a ga ruwa ga shi, tiyo ga shi, an kasa haɗawa.

Wani ya ce a kai wa mai walda ya yanke ya liƙa. Na hana. Bakin da zai ɗauki matsin ruwa ba wurin gwaji ba ne, in ya fincike yana iya fasa wa mutum kai. An yi odar mahaɗa huɗu masu baki biyu, 120,000. Biyu za su zauna a mota dindindin.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ni da sakataren kwamiti muka shiga kasuwa da igiyar awo. Faɗin motarmu mita biyu da rabi, tana son aƙalla uku da rabi kafin ta wuce da madubanta. A taswirar asali manyan layuka huɗu duk mita shida ne. Yau babu wanda ya kai haka. Wannan ya ƙaro baranda, wancan ya kafa tebur, an ja rumfar buhu daga wannan gefe zuwa wancan, wayoyin lantarki suna reto ƙasa da tsayin mota. A layin teloli mita ɗaya da rabi muka auna.

Ba zan iya rushe wa mutane wurin neman abinci ba, ba kuma hurumina ba ne. Mun daidaita kan abu biyu. Layi ɗaya daga ƙofar arewa zuwa matattara za a buɗe shi, a ja jan layi a ƙasa, ba mai ƙetarewa. Sauran lungunan kuma Keke Napep za ta shiga. Wani Alhaji ya ba da tsohuwar kekensa ta ɗaukar kaya, za mu ɗora mata ƙaramin injin ruwa da tiyo huɗu. Inji 380,000, walda 90,000.

Wani ɗan Maraɗi mai kawo wake ya tsaya yana kallonmu, ya ce a wajensu lamba 18 ake kira in gobara ta tashi, kuma 'yan kwana-kwanan sojoji ne, in sun ce a kauce kaucewa ake. Na ce mu nan sai da lallashi da Sarkin Kasuwa.

Talata, 19 ga Nuwamba

An kai tukwanen iska hedikwata an cika, can ne kawai ake da injin da ke matsawa har bar 300 (bar shi ne ma'aunin matsin iska). An sayi wayar ofis da caja mai sola, 45,000. An rubuta lambar da ta kiran gaggawa 112 a kowace ƙofar kasuwa da bangon masallatai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Matattara na yoyo. Ranar Alhamis aka cika ta, na sa alama da fenti a jikin bango. Jiya da safe ruwa ya sauka taƙi ɗaya, yau ya ƙara. An rufe ta da sulab, ba rana ce ke sha ba. Da muka zuƙe ruwan zuwa mota da jarkokin 'yan garuwa, muka shiga da tocila, sai ga tsaga siririya a kusurwar da bango ya haɗu da dandamali, ta bi gefen kudu kusan gaba ɗaya. Birkilan ya yi filasta shafi ɗaya, bai sa maganin hana yoyon da aka biya kuɗinsa ba, bai kuma lanƙwasa kusurwar ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin masu tebur ne da masu talla. A gaban kwamiti ya amsa, ya ce zai sake aikin hannu kyauta. Kayan kuwa dole mu saya: siminti, maganin, da raga, 210,000. Za a sassaƙe, a cike kusurwa, a yi shafi biyu, a bar shi mako guda ana yayyafi kafin a cika. Ga hunturu ya fara busowa, ƙura ta rufe gari tun shekaranjiya. Kullum da tankin mota kaɗai muke kwana.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Kiranmu na farko, kuma ba wuta ba ce. Rijiya ce.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna aka bugo daga wata unguwa a yamma da gari. Masu yasar rijiya sun zura injin ban ruwa mai fetur cikin rijiyar don ya janye ruwan, sannan ɗayansu ya sauka. Hayaƙin inji a rami yana ɗauke da guba marar wari, ga shi yana cinye iskar da ke ciki. Muna isa muka tarar ƙanensa ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga. Shugaban ayari ya rungume shi ta baya, yaron yana kuka yana cewa, "Yallaɓai ku sake ni, yayana ne." Haka ake rasa mutum biyu, uku a rijiya ɗaya, kowa ya bi ɗan'uwansa.

Muka gitta tsani a bakin rijiyar, ɗaya ya sa tukunyar iska ya sauka da igiya biyu, na biyu yana sama shi ma sanye da tasa, a shirye. Doka ce, mai tukunya ba ya aiki shi kaɗai, kuma akwai mai riƙe da agogo. Tukunyar lita shida a matsin bar 300 iskar lita 1,800 ce, a lissafi minti 45, a aikin wahala bai fi rabin awa ba. Minti bakwai aka yi aka fito da shi, yana numfashi sama-sama. Yana asibiti, da yamma aka ce ya farfaɗo.

Tsani ba shi ne kayan wannan aikin ba. Na sa mai walda ya yi mana ƙafa uku ta ƙarfe da kurar jan igiya, 60,000, sabuwar igiya 40,000. Tukunya ɗaya kuma ta koma rabi, sai an sake tafiya birni.

Laraba, 4 ga Disamba

An cika matattara. An sayi tukwanen kashe wuta na hoda masu kilo tara guda 20, 560,000, an rataye a bakin layuka. Masu gadi, 'yan dako da matasan shaguna 24 sun fara horo: a cire fil, a nufi gindin wuta ba harshenta ba, a tsaya iska na bayanka. Kada a watsa ruwa kan wayar lantarki ko man suya. Abin da na fi nanatawa, a kira mu tukuna sannan a ɗauki bokiti.

Laraba, 11 ga Disamba

Ƙarfe 1:40 na dare mai gadin ƙofar arewa ya kira. Layin teloli. An ɗauke wuta da yamma, wani ya rufe shago ya bar dutsen guga a jone a kan tebur, aka kawo wuta tsakar dare. Mota ta fita 1:43, ta bi jan layi ta tsaya a matattara 1:49. Mai gadin ya riga ya kashe babban makunnin layin kamar yadda aka koya masa, wannan kaɗai ya rage mana minti goma. Keke ta shiga lungu, aka shimfiɗa tiyo biyar daga mota, ƙaramin inji yana ɗura wa mota daga matattara. Ba mu tsaya neman ruwa ko sau ɗaya ba. Kafin ƙarfe uku an ci ƙarfinta. Shago uku sun ƙone, da kekunan ɗinki da kayan mutane. Ba wanda ya ji rauni. Ruwan da aka sha ya kai lita 17,000, fiye da cikin mota uku.

Abubuwan da ba su yi daidai ba: tsohon tiyo ɗaya ya fashe a tsakiya, aka yi minti biyu ana canzawa. Ƙofofin shagunan ƙarfe ne da kwaɗo uku-uku, da guduma muka fasa, muna buƙatar almakashin yanke ƙarfe. Taron jama'a ya tattake tiyo, 'yan sintiri ba su iso da wuri ba. Mutum ɗaya cikin ayarin da rigar gida ya tunkari wutar, domin riguna huɗu ne.

Litinin, 16 ga Disamba

Na miƙa wa kwamiti lissafi da rasit. An kashe 5,255,000, saura 145,000. Daga ciki za a sayi almakashin ƙarfe da tocila huɗu. Alamar matattara ba ta motsa ba tun da aka sake cikawa.

Sinadarin kumfa bai zo ba, ƙarin ma'aikata ma shiru, zan bi takardun da ƙafata ranar Laraba. Man gas lita 200 da aka yi alkawari duk wata, rabi ya shigo. Kwamiti ya amince a karɓi naira 500 a kowane shago duk wata daga Janairu, a fara da rigunan shiga wuta shida da takalma. Ranar Asabar mai gyaran lantarki zai fara bin wayoyin layin teloli da na 'yan katifa shago-shago, ni da sakatare muna biye. Gwajin dare na gaba ranar 27 ga wata, a ƙofar kudu, inda har yanzu ba a buɗe hanya ba.